Hannun Kurma a Kafaɗar Mawaƙi

Jikata Hadiza, wadda nake kira amaryata don in ji bakinta, ta dawo hutu daga kwalejin Tanut tana ta yi mini fankama, wai mushensu, wato malaminsu, ya gwada su waƙa kuma ita ce ta fi kowa a ajinsu. Na ce, "Yaya ya gwada ku?" Ta ce ɗaya bayan ɗaya ake kira, ka tsaya gaban allo, ka mai da hannuwa baya, ka rera abin da aka koya maka daga farko har ƙarshe. Shi kuma yana zaune yana kaɗa kai, in ka gama ya rubuta maki.

Na ce, "Daga farko har ƙarshe? Ba wanda ya katse ku?"

Ta ce, "Kai tsoho, wa zai katse mutum yana jarrabawa? Kishi kake yi kawai, don kai ko awaki ka kira sai sun watse."

Gaskiyarta ce, ban yi musu ba. Shekaruna duk a cinikin hatsi da dabbobi na yi su, kuma ba da murya na ci abinci ba, da ido da kunne na ci. Amma maganarta ta mai da ni bakin wata rijiya da yanzu ko raminta ba a gani, rairayi ya shafe shi, inda na ga an auna muryar samari da wani irin mudu da ban sake ganin irinsa ba.

Garinmu ƙarami ne, a kan wani tudun rairayi tsakanin Tanut da Belbeji. Gero muke nomawa, kuma Damargu ta wancan lokaci ba ta jin kunyar kowa wajen gero. Da kaka Buzaye su sauko da raƙuma, su kawo gishiri da dabino, su koma da hatsi. Nasara yana can Tanut, ba mu ganinsa, sai dai mu ji an ce a tara haraji. Abin da ya fi Nasara iko da mu shi ne rijiya. Guda ɗaya ce, kuma in ka jefa tsakuwa cikinta sai ka gyara tsayuwa kafin ka ji ta taɓa ruwa. Hannun mutum ba ya ja daga irin wannan zurfi. Takarkari ake ɗaura wa doguwar igiyar fata, igiyar ta bi ta kan wani itace mai juyawa da aka ɗora kan gwafanni biyu a bakin rijiya, yaro ya kora takarkarin ya miƙe da shi cikin fili har sai guga ya iso sama. Wurin da takarkari ke bi kullum ya zama ɗan kwari saboda taku, muna ce masa hanyar igiya. Wanda ya kai ƙarshenta, in ya waiwayo, mutanen bakin rijiya yake hange kamar ƴan tsaki.

To ta yaya mai kora, wanda ya juya wa rijiya baya, zai san guga ya iso ya tsaya? Ihu ba ya yi. A bakin rijiya da rani kowa ihu yake. Fulani na kiran shanu, mata na faɗa kan wa ta riga wata, jakuna na kuka, raƙuma na gurnani. In ka ce da ihu za ka tsaya, to ba za ka yi taku goma ba ka tsaya. Sai kakanninmu suka juya abin. Mutum ɗaya ke tsayawa a bakin rijiya yana waƙa. Muddin waƙa na tafiya, takarkari na tafiya. Da ta yanke, a tsaya cak. Ihu na kowa ne, amma shirun waƙarka naka ne kai kaɗai. Takarkaran ma sun gane haka, wasu sun fi yaran da ke kora su ganewa. Da wannan waƙa muke tashi. Kafin rana ta fito kana kwance ka ji kukan itacen nan yana juyawa, ka ji ruwa na zuba cikin komi, ka ji murya na cewa:

Ja, ɗan sa, ja,
Ruwa na ƙasa, ƙishi na sama,
Wanda ya haƙa bai sha ba,
Rijiya uwar baƙi, ba ki tambayar sunan uba.

Yanzu foraj ne a wurin, wato rijiyar burtsatse, inji na ta jawo ruwa, yara na jere da jarkoki. Ban ce da ya fi yanzu sauƙi ba. Na ga tafin hannun uwata, na san abin da igiya da tulu suka yi masa. Ni ɗan kasuwa ne, ba na sayen tsohon kaya don tsufansa. Sai dai inji in ya tashi ƙara ɗaya gare shi, ba ka iya kwance a ɗaki ka ce yau wane ne a bakin ruwa, kuma da alama ya kwana da mura.

Baba Mato ne sarkin rijiya, shi ne kuma ke koyar da waƙar. Dogo ne, ƙashi da jijiya, ba ya dariya sai abin ya kai. Duk yaron da ya fara tasawa, daga masu kiwon awaki har waɗanda gashin baki ya fara tsiro musu, sai an kai shi wurinsa rani ɗaya ko biyu. In an gama shayar da dabbobi rana ta yi sanyi, ya tara mu a gindin wata aduwa, ya ba da baiti mu amsa. Wata rana ya sa mu hau tudu da gudu mu sauko muna rerawa, don ya ji wanda numfashinsa ke yankewa. Wata rana ya juya mu mu fuskanci iska. Yakan ce, "Murya ba ado ba ce, igiya ce. In ta yi siriri ta tsinke, in ta yi kauri ba ta kai nesa." Ni ban daɗe cikin masu rerawa ba. Ya saurare ni, ya sake saurare, sa'an nan ya ce, "Lawali, Allah bai bar ka hannu wofi ba. Ya hana ka baki, ya ba ka kunne. Je ka kama takarkari." Yara suka yi ta dariya. Ni kuwa ban ji zafi sosai ba, don tun lokacin na san kayan da ba ya sayuwa ba a dagewa a kansa. Na zama mai kora Jatau, wani jan takarkari mai karyayyen ƙaho, wanda ya fi yawancin mutanen garinmu haƙuri.

Cikin ɗaliban Baba Mato babu kamar Mutari. Ɗan Inna Dije ne, maƙwabciyarmu. Da aka haife ni uwata ta yi ciwon nono, Inna Dije ce ta shayar da ni tare da shi, don haka ɗan'uwana ne na nono, tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya. In Mutari ya ɗaga murya, matan da ke faɗa sukan manta abin da ya haɗa su. Na taɓa ganin wani Buzu ya durƙusar da raƙuminsa bayan ya gama shayarwa, ya zauna, ba don komai ba sai don ya ji yadda yaron zai sauke baiti. Akwai kuma Habu, ɗan wani mai tufkar igiya, yaro mai ƙarancin magana. Muryarsa ba ta da aibu, tana kai nesa, ba ta rawa. Amma kamar tuwon jiya take, ana ƙoshi da shi, ba a ba da labarinsa.

A wani rani ruwa ya fara fitowa da laka, guga na dawowa rabi. Dattawa suka ce sai an yi yasa, wato mutum ya shiga ƙasa ya kwashe rairayin da ya toshe idon ruwa. Mai shiga rijiya a garinmu kuwa babana ne. Ɗan ƙaramin mutum ne mara nauyi, shi ya sa aikin ya zama nasa. Da hannu maza ke zura shi, amma fito da shi sai takarkari. A nan haɗarin yake. Saman rijiyar da itatuwa aka jera a bangonta don kada rairayi ya rufta, kuma in ɗaya ya zame ya turo kai, wanda ake jawowa zai zo daidai ƙarƙashinsa. Takarkari bai san bambancin mutum da guga ba, ja kawai yake. Saboda haka mai shiga yana riƙe da wata siririyar igiya, ɗaya bakinta a hannun sarkin rijiya. In ya ga abu ya fizga, sarkin rijiya ya dafa kafaɗar mawaƙi, mawaƙi ya yanke, takarkari ya tsaya. Jan ruwa kowane ɗalibi na yi wa waƙa. Jan mutum kuwa Baba Mato ne da kansa yake yi tun kafin a haife ni. Amma a ranin nan muryarsa ta dushe, ba ta kai ko rabin hanyar igiya. Dole a zaɓi wanda zai tsaya a madadinsa.

Aka sa ranar gwaji. Yadda ake yi shi ne, ɗalibi ya tsaya a bakin rijiya yana rerawa, ana jan guga, Baba Mato na tsaye a bayansa. A duk inda ya ga dama sai ya dafa kafaɗarsa, shi kuma ya yanke. A sake, a sake. In an gama, ba sarkin rijiya ke fara magana ba. Al'ada ta ce mai kora takarkari ake fara tambaya a gaban dattawa, don sun ce kunnen wanda ke kusa da mawaƙi cin hanci yake, na ƙarshen igiya ne ba ya ganin fuska. Mai kora kuwa ni ne.

Ƙananan yaran ba su daɗe ba. Wani muryarsa ta ɓace mini tun ban yi nisa ba, Jatau ya tsaya yana jira. Wani ya yi ta sauri kamar ana binsa, har takarkari ya fara sassarfa ruwa na zubewa. Wani kuma ƴan mata suka zo ɗiba, ya rikice ya koma baitin da ya riga ya yi. Kafin rana ta take, saura Mutari da Habu. Dukansu na ji su tangaran har ƙarshen hanya, dukansu sun riƙe takun Jatau daidai. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Duk lokacin da Habu ya yanke, sai na ji kamar an fizge mini ƙwarya daga baki, don a tsakar magana yake tsayawa, wani lokaci a tsakar kalma. Mutari kuwa bai taɓa bari na da wannan ƙishi ba. Duk tsayawarsa a ƙarshen baiti take, a gyare, kamar an ɗaure bakin buhu. Na yi ta juya abin ina tafe bayan Jatau. Hannun da ke sauka a duk inda ya ga dama, ta yaya kullum zai faɗo daidai inda baiti ya ƙare?

Da aka tashi hutun rana Mutari ya zo ya rataya hannu a wuyana. "Ɗan'uwa, ka ji ni?"

Na ce, "Na ji ka. Jatau ma ya ji ka, har kunnuwa yake kaɗawa."

"To in an tambaye ka ka buɗe baki, kada ka yi musu wannan muryar taka ta tsohon ɗan akuya. Inna ta riga ta jiƙa geron furar murna."

Inna Dije na wucewa da tulu a ka, ta ce, "Lawali, nonon da ka sha dai bai bushe a bakinka ba ko?" Da wasa ta faɗa, muka yi dariya. Na hangi babana can gefe a zaune, yana duba igiyar da za a ɗaura masa, yana bin ta da yatsa taƙi bayan taƙi. Bai dube ni ba.

Bayan la'asar aka taru a gindin aduwa. Mai gari ya ce, "Lawali, kai ne a ƙarshen igiya. Wa ka ji?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duka biyun na ji. Ta Mutari ta fi daɗi, ko kurma ya san haka."

Aka yi dariya. Mutari ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Na ce, "Sai dai ban taɓa jin ya tsaya a tsakar baiti ba. Ko sau ɗaya. Habu kullum a tsakiya yake tsayawa."

Mutari ya ɗago. "Me kake nufi? Yaushe na wuce? Hannu na sauka nake tsayawa, ga Baba nan a tambaye shi!"

Wani dattijo ya ce, "Yaro, laifi ne mutum ya iya sauke waƙa? Ko haushi kake ji don an kore ka daga cikin masu rerawa?"

Na ce, "Ni ban ce laifi ba ne, Baba. An tambaye ni abin da na ji, na faɗa. Kuma ubana ne zai shiga."

Baba Mato ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na dama, kamar wani ya ba shi aro. Can ya ce, "Mutari bai yi ƙarya ba. Hannuna na sauka yake tsayawa. Lawali ma bai yi ƙarya ba. Ni ne. Yanzu da aka faɗa na tuna. In Habu na yi, ina na ga dama nake dafawa. In yaron nan na yi, sai in ɗaga hannu, in ji yadda ya ɗauko baitin, hannun ya ƙi sauka sai ya kusa kai shi gida. Ban gwada shi ba, sauraronsa na yi." Ya juya wajen mai gari. "Kuma in na ce zan sake, haka zan sake yi. Duk mai kunne a garin nan haka zai yi. A nemo mini wanda ba ya ji."

Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Talle, wadda zazzaɓi ya toshe wa kunne tun tana yarinya. Daka take yi wa mutane, hannunta kamar taɓarya. Washegari da hantsi aka same ta a bakin komi tana cika tulu. Baba Mato ya nuna mata da hannu: ga yaro, ga kafaɗa, ki juya ki kalli shanu, duk sa'ad da ranki ya so ki dafa. Da ta gane cewa yaron da ƴan mata ke leƙe ne aka ba ta izinin ta buga, sai ta ajiye tulu ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Baba Mato ya tafi tsakiyar hanyar igiya ya tsaya, inda zai iya ganin hannunta da ƙafafun Jatau gaba ɗaya.

Mutari ya fara. Ban taɓa jin ya yi kamar ranar ba. Ina tafe, baya ga rijiya, na ji ya shiga "Wanda ya haƙa bai sha ba," ya kai shi ƙarshe, ya yanke. Na tsaya. Da na waiwaya sai na ga Baba Mato na girgiza kai. Ashe tun a "haƙa" hannun Gwaggo ya sauka. Aka sake. Wannan karon ya ji dukan, muryarsa ta ɗan girgiza, amma sai ya ƙara sauri ya kai baitin gida da gudu. Jatau kuwa duk wannan gudun taku ne a wurinsa. Mutari ya roƙa a ƙara masa. Aka ƙara. Gumi na zuba a fuskarsa, ya dunƙule hannu, ya yi niyya da gaske, ni shaida ne. Hannu ya sauka, ya yanke, amma sai da ya ja wasalin ƙarshe ya lanƙwasa shi ya ajiye a hankali, yadda ya saba. Bakinsa ya ƙi barin abu a karye. Da aka zo kan Habu, Gwaggo ta ɗora masa hannu, muryar ta ɗauke kamar an sa wa igiya wuƙa.

Mai gari ya fara kame-kame, wai ko a ba Mutari kwanaki ya gyara. Sai babana ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Ya ce, "Mutari, ɗana ne kai. Ranar da Lawali zai yi aure kai za ka yi waƙa, in wani ya buɗe baki ni zan rufe masa. Amma ranar yasa Habu nake so. Kaina guda ne."

Mutari bai sake yi mini magana ba. Tabarmarsa ya ɗauke daga zaurenmu. In na gai da Inna Dije ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, busasshiya, ba ta ɗora komai a kai. Furar da ta jiƙa wa gero ban san wanda ya sha ba. Abin ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa jin da na sani ba.

Ranar yasa gari duka ya fito. Aka yi addu'a, aka zura babana da hannu har muryarsa ta koma kamar daga cikin tulu. Tun safe muke jan buhunan fata cike da rairayi da baƙar laka, Habu na rerawa, ni da Jatau muna kai da komo. Wajen azahar aka ce aiki ya kammala, a fito da mutum. Na gyara igiya a kafaɗar Jatau, na shafa wuyansa, na ce masa, "Wannan ba laka ba ce, ka ji." Habu ya ɗauko waƙa, muka miƙe. Nauyin babana bai kai na guga cike ba, Jatau na tafiya kamar ba ya jan komai. Mun kusa ƙarshen hanya, har na fara sakin numfashi, na ji Habu ya shiga baitin ƙarshe:

"Rijiya uwar baƙi, ba ki tamba..."

Shiru. Kafin in ja akala Jatau ya riga ya tsaya, ƙafa ɗaya a sama, ya mai da ita inda ya ɗauke ta. Doka ce mai kora ba ya sakin takarkari ko me ya faru. Na tsaya riƙe da shi, ina hangen mutane sun yi dafifi a bakin rijiya, ban san ko ina da uba ko babu ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai na ga wani ya fito daga cikin taron ya biyo hanyar igiya a guje, rairayi na tashi. Mutari ne.

"Baya kaɗan! Lawali, baya kaɗan, a hankali! Itace ne ya zame, babanka na ƙarƙashinsa. Yana magana, da ransa!"

Ya kama ƙahon Jatau mai lafiya, ni na riƙe akala, muka lallaɓa shi baya. Can maza suka sa gwafa suka tura itacen ya koma. Habu ya ɗauko waƙa daga farko, muka ja, ya yanke, aka yi kabbara. Babana ya fito, rairayi cike da gashin kansa, kafaɗa ɗaya a kuje. Daga baya ya nuna mana da tafin hannu tazarar da ta rage tsakanin ƙoƙon kansa da itacen. Taƙi ɗaya bai cika ba.

Ni da Mutari muna nan a ƙarshen hanya, na zauna a rairayi. Ya tsaya a kaina yana haki. Ya ce, "Ka san abin da na yi lokacin da Habu ya yanke?"

Na ce, "A'a."

"Ƙarasawa na yi. Ina tsaye a bayansa, na ga hannun Baba Mato ya sauka, na san mutum ne a igiya. Sai kawai na ji bakina na cewa sunan uba." Ya juya, ya koma sawun da Jatau ya tsaya sa'ad da waƙa ta yanke, ya rera ragowar baitin a hankali yana takawa irin takun takarkari. Inda baitin ya ƙare ya tsaya, ya waiwayo ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da sawun. Ta fi tsawon mutum a kwance. Ya daɗe yana kallonta. Sa'an nan ya dawo ya zauna kusa da ni, ya ce, "Kai dai muryarka ta ɗan akuya ce, wannan ba zan janye ba." Da magariba Inna Dije ta aiko da fura gidanmu, ƙwarya babba, wai ta mai shiga rijiya ce. Ludayi uku ta sa a kai, na babana da nawa da na Mutari.

Mutari bai sake tsayawa a bakin rijiya ba. Ya zama mawaƙin buki da kasuwa, sunansa ya kai har Damagaram, kuma shi ya yi waƙar aurena kamar yadda babana ya ce, ba wanda ya katse shi. Habu ya riƙe waƙar igiya har gashinsa ya yi fari, har aka kawo inji. In ka fita daga garinmu ba wanda ya san sunansa. Duka biyun sun riga ni gidan gaskiya. Ni kuma da na shiga kasuwa na tafi da abin da na gani a gindin aduwar nan. In na ga awo kullum yana fitowa daidai, ba na duban hatsin, hannun mai awo nake duba. In kuma saniya ta yi mini kyau har na ji ina neman mata uzuri, sai in kira wanda ba ya son ta ya duba mini haƙoranta. Na yi asara a rayuwa, kowa na yi, amma ban cika yin ta ta wannan ƙofar ba.

Na ba Hadiza wannan labari muna zaune a zaure, tana tsince mini gyaɗa. Ta saurara fiye da yadda na zata. Da na gama ta ce, "To rera mini ita in ji, ko da awakin za su gudu." Na gyara zama na rera mata da muryar da Allah ya ba ni. Ja, ɗan sa, ja. Ruwa na ƙasa, ƙishi na sama. Na bi ta har na kai "ba ki tamba," na yi shiru.

Ta jira. Ta ce, "Ƙarasa mana, tsoho! Da mushenmu ne da sifiri zai ba ka."

Na ce, "Bari ya ba ni, amarya. Ni in na kawo nan, har yau babana na kan igiya."